Shayin rage kumburin da ya tsayar da mu a Mashi

Da ma na ce ba zan taɓa yin maganar shayin nan ba, don abin kunya ne. Amma jiya na ga maƙwabciyata a nan Ƙofar Kaura ta amso nata kwalin tana ta murna, sai na ji shirun ya ishe ni. Kun dai san shi, mai koren kwali da hoton mace ta zagaye ƙugunta da tef ɗin tela, wanda aka cika mana WhatsApp da tallarsa. Kuɗinsa ma kun sani, ba sai na fama wa kaina ciwo ba.

Ni ƙafafuna suka kai ni. Ɗinki nake yi, yini nake zaune kan keke, kafin la'asar idon sawuna ya ɓace, takalmi ya ƙi shiga. In na danna ƙaurina da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba. Ga ciki, in na ci wake sai ya yi tam kamar ganga. Mai sayarwar ta ce, "Anti, ruwa ne da datti suka taru maki, kwana 7 kawai ki ji ki sakayau."

Na sha na farko daren Juma'a wajen ƙarfe 10, washegari kuwa muna da kai amarya Daura. Ko a jikin kwalin ko a bakinta, ba inda aka ce kar a sha in za a yi tafiya. Muka ɗauki hanya da sassafe a motar haya, ni da faccalolina biyu da uwar mijina a gaba. Ba mu yi nisa da Katsina ba cikina ya fara ƙugi, daga ƙugi sai murɗa, irin wadda ke sa mutum ya riƙe numfashi. Ga sanyin safiya, ni kuwa zufa ta jiƙa mani ɗankwali. Hajiya ta waiwayo ta ce, "Ke lafiya kike ta mutsu-mutsu?" Na ce, "Lafiya lau, Hajiya." Wa zai buɗe baki ya faɗa wa surukarsa irin wannan? Na yi ta salati a zuci ina lissafin tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 ba kamar ta Makka a ƙasa. Muna shiga Mashi kunya ta ƙare. Na ce, "Malam direba, don girman Allah ka tsaya." Gidan farko da na gani na faɗa da sallama, wata tsohuwa na shara a tsakar gida, kallo ɗaya ta yi mani ta miƙo buta, ba ta tambaye ni daga ina ba. Allah ya saka wa baiwar Allah nan da Aljanna. Sau biyu aka ƙara tsayawa kafin Daura. Bikin kuwa a bakin banɗakin mutane na yi shi, sanye da leshin da na kwana uku ina ɗinkawa.

In zan faɗi gaskiya, cikin ya lafe. Ranar Lahadi zanena har sako-sako ya yi. Shayin kuma da daɗin sha, ƙamshin citta da na'ana'a, ba ɗaci. Har na fara cewa laifina ne da na sha daren tafiya, na ci gaba da shi kwana 4. To amma ƙafafun da na saye shi dominsu suna nan yadda suke, sai ma jiri da ya ƙaru da damƙar jijiya a sharaɓa cikin dare.

Ƙanwar mijina, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta ɗauki kwalin ta karanta ƙananan rubutun bayansa. Ta nuna mani kalmar Senna ta ce, "Yaya, filasko ne fa kike sha." Filasko! Ganyen da kakata ke jiƙa mana in ciki ya ɗaure, wanda za ka cika leda da shi a kasuwa da canjin cefane. Ta ce maganin sa zawo ne, cikin awa 6 zuwa 12 yake aiki, hanji yake motsawa, ba ruwansa da ruwan da ya taru a ƙafa. Abin da na ga ya ragu kashi ne da ruwan jiki, tare da sinadarin fotasiyam da jijiya da zuciya ke buƙata, shi ya sa ƙafata ke damƙewa. Lambar NAFDAC ma mun juya kwalin ta ko'ina ba mu gani ba.

Ita ta matsa mani na koma asibiti. Aka gwada jini da fitsari don a duba ƙoda, alhamdulillahi ba komai. Ashe maganin hawan jinin da nake sha, amlodifin, an san shi da kumbura ƙafa. Likita ya canza mani wani, ya kuma yi mani faɗan gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan. Ni ko dunƙule huɗu nake jefa wa miya, ga yaji mai gishiri, ga kanwa a wake. Na rage, ina tashi daga keke in taka duk bayan awa ɗaya, da dare in ɗora ƙafa kan filo. Cikin sati biyu na sake ganin idon sawuna.

Abin da har yau ke ci mani rai, da na rubuta wa mai shayin abin da ya same ni a hanya, dariya ta turo, ta ce, "Ai dattin ne ke fita, Anti, ki ƙara kwali na biyu." Tun farko ba ta tambaye ni ko ina da hawan jini ba, ko ina da ciki, ko ina shan wani magani. Lambar asusu kawai ta turo.

Sauran ƙullin shayin na nan saman durowa. Hajiya kuwa, duk sanda aka ce za a tafi Daura, sai ta kalli gefe ta ce a tambaye ni ko akwai tsayawa a Mashi.