Hular kwano don sikuta mai caji: ta keke ko mai rufe haɓa?

Ɗan'uwa, tsakanin hular kwano irin ta masu keke da mai rufe haɓa da ka tambaya, sayi mai rufe haɓa kawai ka huta.

Ita nake sawa. Faɗuwar sikuta daban take da ta keke. Tayoyinta ƙanana ne, irin Xiaomi M365 inci 8 da rabi ne kacal, ga shi a tsaye kake. Da tayar gaba ta faɗa rami ko ta cije a layin tiram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, sikutar za ta tsaya cak, kai kuma ka wuce ta gaba, fuska ce ke fara isa ƙasa. Wata safiya an kwana ana ruwa na matse birki a kan titin dutse mai santsi, ban ankara ba sai ga ni warwas. Da na miƙe na cire hular, wajen haɓar ya gurje har fenti ya tashi. Alhamdulillahi haƙorana cif, kafaɗa ce kawai ta yi tsami, na wuce aiki abina. Hular tana da ɗan nauyi, kuma lokacin zafi za ka sha gumi, wannan ban musa ba.

Ta keke kuwa, to, ta fi babu. Ƙoƙon kai take karewa, muƙamuƙi da hanci ba ruwanta.

Kada ka ce ai a nan Jamus doka ba ta tilasta hula ba, gudun ma bai wuce kilomita 20 a awa ba. A 2019 aka fitar da binciken wasu asibitoci biyu na yankin Los Angeles a Amurka: cikin mutum 249 da aka kawo da raunin sikuta, kusan kashi 40 cikin 100 a ka suka bugu, waɗanda ke sanye da hula kuwa ba su kai kashi 5 ba.

Sai ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Wasu roba ce zalla suke lafta wa sitikar CE, alamar cika ƙa'idar Tarayyar Turai, ba ta da soson nan mai tauri a ciki, alhali shi ne ke shanye bugun. Ka leƙa ciki ka ga lambar EN 1078, wato ma'aunin ingancin hular keke na Turai. Ta hannu kuma kada ka taɓa, ko da kyauta ce: soson bugu ɗaya yake ɗauka, bayan nan ya mutu ko da waje na ƙyalli, kuma mai sayarwa ba zai gaya maka ya taɓa faɗuwa da ita ba. Tawa ma bayan faɗuwar nan canza ta na yi. Ka je shago da kanka ka gwada, ka ɗaure igiyar, ka girgiza kai. In ta yi motsi, ba taka ba ce.