Karatun Ƙiyasin Kuɗin Gini Ga Mai Aiki: Foliteknik Da Yamma Ko Jami'a Gaba Ɗaya?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya bayyana cewa shi mai kula da sito ne a wani kamfanin gine-gine a Kaduna, yana da iyali, kuma yana son ya zama kwantiti, wato mai ƙiyasin kuɗin gini. Tambayarsa ita ce: ya riƙe aikinsa ya shiga karatun yamma da ƙarshen mako a foliteknik, ko ya ajiye aikin ya nemi gurbi a jami'a?

Malam, dukkan hanyoyin biyu ƙofa ɗaya suke nufa. A Najeriya ba a ɗaukar mutum cikakken kwantiti sai ya ci jarrabawar NIQS, ƙungiyar masu ƙiyasin kuɗin gini ta Najeriya, wadda aka kafa a 1969, sannan ya yi rajista da QSRBN, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, wadda dokar soja mai lamba 31 ta 1986 ta samar. Digiri ko babbar difloma mataki ne na farko kawai, domin bayansu akwai shekarun aiki ƙarƙashin mai rajista, da littafin da za ka riƙa rubuta ayyukan da ka yi yana sa hannu.

Ta fuskar lokaci, jami'a ce ke gaba. Digiri a wurare irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Fasaha ta Minna, ko ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ba ya wuce shekara huɗu zuwa biyar idan yajin aiki bai gitta ba. A foliteknik kuwa, ɗalibin da ke zuwa kullum yana yin shekara 2 a ƙaramar difloma, da shekara 1 ta sanin makamar aiki, da wasu 2 a babbar difloma, shi kuma mai karatun yamma kowane mataki yakan ja masa fiye da haka. Akwai kuma batun bautar ƙasa, domin hukumar NYSC ba ta tura waɗanda suka yi karatun yamma, takardar cire su daga bautar ƙasa kawai take ba su. Idan ka riga ka haura shekara 30, wannan bai kamata ya hana ka barci ba, tunda ko ta jami'a ka bi ba za a tura ka ba.

Ta fuskar aljihu ba sai an tsawaita ba: mai iyali da ya ajiye albashi na shekara biyar sai ya san wanda zai ɗauki cefane.

Inda nake ganin ya kamata ka fi tsayawa shi ne abin da sana'ar take buƙata a zahiri. Tushenta awo ne daga zanen gini. Za a miƙa maka zane, ka fitar da tsawon bango da tsayinsa, ka cire gurbin ƙofofi da tagogi, ka san cewa bulo mai inci 9 kusan guda 10 ne ke cike murabba'in mita ɗaya, sannan ka mayar da rodi zuwa nauyi, inda mita ɗaya na mai kauri milimita 12 yake kusan kilo 0.89. Daga nan ake haɗa takardar BOQ, wato jerin ayyukan ginin da adadin kowanne, bisa ƙa'idojin awo na BESMM da NIQS ke fitarwa, a sa wa kowane layi farashi. Ɗalibin jami'a yana koyon wannan a kan takarda, kuma yakan samu zurfi a dokar kwangila da tattalin arzikin gini fiye da takwaransa, amma sau da yawa ba ya taka filin gini sosai sai a watanni shida na SIWES, wato shirin tura ɗalibai sanin makamar aiki. Kai kuwa kullum kana ƙirga buhunan siminti masu kilo 50 da ke fita daga sitonka, ka san nawa ne ke daskarewa saboda damina, ka ga yadda birkila ke fasa bulo da yadda guntayen rodi ke taruwa a gefe. Wannan asarar ita ce sabon ɗalibi yake mantawa a lissafinsa, ita ce kuma take cinye ribar ɗan kwangila.

Saboda haka, a ra'ayina, ajiye irin aikinka kuskure ne. Da a banki kake ko a shagon magani, da na ce ka duba jami'a da kyau, domin karatun yamma ba tare da filin gini ba rabin ilimi ne. Amma tunda kana cikin harkar, ka nemi kwantitin kamfaninku ya riƙa ɗaukar ka duk ƙarshen wata idan zai auna aikin da aka kammala domin a biya ɗan kwangila, ko da riƙe masa tef ne kawai za ka fara da shi.

Sharaɗi ɗaya ne ba zan sassauta ba. Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar hukumar NBTE mai kula da makarantun foliteknik, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna kusa da kai, ta amince da wannan kwas ɗin a wannan makarantar, kuma amincewar ta shafi babbar difloma, ba ƙaramar kaɗai ba. Ka kuma samu yardar maigidanka a rubuce game da ranakun jarrabawa, domin ranar zuba kankaren dakin, wato rufin bene, ba ta jiran kowa, kuma takan faɗo a Asabar, ranar da ake cika ajin ƙarshen mako. Idan daga baya ka ga kana son digirin, sakamako mai kyau a difloma yana ba ka damar shiga jami'a kai tsaye ta hanyar JAMB, ba tare da ka faro daga ajin farko ba.