Shagon ɗinkin da muka kai autanmu a Jekadafari

Tun ranar da na sa hoton kaftanin da autanmu ya ɗinka wa Baba mutane ke ta tambayata wane shago ne ya koya, kuma ko zan ba da shawarar a kai yaro, to bari in faɗi abin da na gani da idona shekara uku kenan.

Yana da shekara 17 muka kai shi, ya gama sakandare jarabawa ba ta yi kyau ba, ba ya komai sai barci har azahar da zaman majalisa, ka aike shi Babbar Kasuwa ya dawo bayan magariba babu saƙon babu canji, in ka yi magana ya hau fushi kamar zai daki mutum. Mu ƴan Gombe mun san inda irin wannan zaman ke kai yaro, mun ga abin da Kalare, ƙungiyar ƴan daban nan, ta yi wa ƴaƴan mutane, wallahi Mama ba ta barci a lokacin.

Shagon ba wani babba ba ne, keken ɗinki biyar ne da na wibin ɗaya da janareto, yara bakwai ko takwas. Abin da ya burge ni da maigidan shi ne bai ɗora shi kan keke ba sai da ya yi wata huɗu yana shara da guga da sa maɓalli. Yaron ya dawo gida yana cewa Yaya ni fa ba bawa ba ne, na ce ka dai yi haƙuri. Ranar da ya ƙona wa wani kwastoma shadda da dutsen guga oga bai dake shi ba, cewa ya yi kai za ka kira mai kayan da bakinka ka gaya masa, kuma a kuɗin da kake samu za a riƙa cirewa har a biya. Ya yi kuka ranar, amma ya kira. Ni dai daga nan na fara ganin canji, ya fara tashi da asuba ba sai an buga ƙofa ba, ya sayi ɗan littafi yana rubuta awo da kafin alƙalami da ranar karɓa, mutumin da ko takalminsa bai san inda ya ajiye ba.

Ba zan ce duk aikin shago ba ne gaskiya. Lokacin da nake FCE, wato kwalejin ilimi ta tarayya, an koya mana cewa gaban ƙwaƙwalwa, wajen da ke taka wa mutum birki kafin ya aikata abu, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma yawancin matasa da kansu suke ƙara natsuwa da riƙon amana in sun doshi 20, musamman in an ɗora musu nauyin da in suka sake wani zai cutu. Shagon nauyin ya ba shi a daidai lokacin. Kuma halinsa na asali yana nan, har yanzu mai surutu ne mai son mutane, sai dai yanzu da surutun yake jawo kwastoma.

Inda ban ji daɗi ba, oga yana da tsawa, a gaban kwastoma ma yi yake. Namu ya jure don bakinsa a buɗe yake, amma akwai wani yaro shiru-shiru mai kunya da suka fara tare, hannunsa ya fi na namu kyau, wata shida ya daina zuwa, abin har yau yana damuna. In ɗanka irin wannan ne ka zauna da maigidan tukuna ku yi magana. Sannan lokacin sallah suna karɓar kaya fiye da ƙarfinsu, yaran su kwana a shago ido ja, alƙawari kuma ya tashi, ni kaina atamfata sai bayan sallah da kwana biyu na karɓa.

Ɗinkin maza dai babu laifi ko kaɗan, wuya yana zama daidai aljihu ba ya karkacewa, na mata kuma a nemi wani wajen. Mai son kayan sallah ya kai tun kafin azumi ya kai goma. Autanmu yanzu shekararsa 20, bayan babbar sallah za a yaye shi, Baba ya riga ya fara tara kuɗin keke.