Mai fentin Sabon Gari da murafen kabad ɗina

Shekara shida kabad ɗin kicin ɗina yana lafiya lau, sai bara ledar da aka manna wa murafensa ta fara ɓanɓarewa. Daga murfin da ke saman inda nake ɗora butar shayi ta faro, bakinsa ya ɗago kamar ɓawon rogo, sai na kusa da murhun gas ya bi sahu. Na sa gam, na sa salatif, autata kuwa ta mayar da jan ledar abin wasa. Ranar da ƙanwar maigida ta zo daga Tudun Wada ta tsaya tana kallon kabad ɗin ba ta ce uffan ba, a ranar na ce a nemo mai gyara.

Kafintan da aka fara kawowa cewa ya yi a zubar da murafen 14 a yi sababbi. Da ya faɗi kuɗin sai da na nemi wurin zama. Maƙwabciyata a nan Hanwa ce ta haɗa ni da wani mai fentin kayan ɗaki da ke da rumfa a Sabon Gari. Abin da ya nema, har da kuɗin kaya, bai kai rabin na kafintan ba.

Da ya zo bai yi saurin yanke ciniki ba. Ya ƙwanƙwasa murfi ɗaya, ya leƙa ƙarƙashin ledar, ya ce, "Hajiya, wannan MDF ne, garin katako ne aka matse da gam. Ledar nan da zafi aka manna ta, zafi ne kuma yake tayar da ita." Ashe tururin butata ne ya yi ɓarnar, ni kuwa ina ta zagin wanda ya haɗa kabad ɗin.

A gabana ya cire ledar farko. Wata na'ura ya jona mai busa iska mai zafi, kamar handirayar saloon amma ta fi ta ƙarfi, ya bi kusurwa da ita, sai ga ledar ta zame gaba ɗaya da siffar murfin, kamar an tuɓe wa yaro riga. Na ɗauka an gama mai wuya. Ina! Gam ɗin da ya rage a jiki shi ne aikin, in ka taɓa sai ya riƙe yatsa. Da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, da tsumma ya bi gam ɗin, ya kankare, sannan samfefa mai lamba 120, daga baya mai laushi 240. Ya nuna mini gefen murfin, inda aka yanka allon, ya ce nan ne ke shan fenti kamar soso, in ba a toshe shi ba sai ya fito da kaushi ko sau nawa aka shafa. Shi ya sa ya bi gefunan da foti, ya yi shafen ƙasa, wato fentin farko, da fentin mai har sau biyu kafin ya fesa kalar. Na tambaye shi me zai hana fentin ruwa, tunda ba shi da wari. Dariya ya yi, ya ce MDF da ruwa ba sa ga maciji, kumbura zai yi.

To, ga inda raina ya ɓaci. Kwana uku ya ce mini, sai da aka yi tara. Ya kwashe murafen ya tafi da su rumfarsa a tsakiyar hunturu, iska ta watsa wa fesawar farko ƙura, dole ya sake gogewa, ga wutar NEPA da ba ta zama. Duk wannan uzuri ne mai kamawa, amma ai sai a kira mutum a gaya masa. Kwana biyu wayarsa a kashe, ni kuma ina nan da kicin tsirara, ƙura na sauka a kan kwanuka, duk baƙuwar da ta leƙo sai ta ƙirga mini tukwane. Da aka dawo da murafen kuma ashe ba su sa musu lamba ba lokacin cirewa, ramukan kusoshin ba sa haɗuwa. Daga azahar har magariba yaronsa yana ɗaurawa yana kwancewa. Warin tina ma ya kwana uku a gidan.

Amma aikin, tsakani da Allah, ya yi. Ruwan toka mai haske na zaɓa, ya fito sumul, ba sawun buroshi ko ɗigo. Murfi ɗaya ne ya ƙi, na ƙarƙashin wurin wanke-wanke da ruwa ya riga ya kumbura. Tun ranar farko ya ce mini fenti ba zai rufa masa asiri ba, na nace, ƙarshe dai sai da aka yanko sabo.

Yanzu wata shida ke nan, damina ta shigo, ba inda ya tashi. Tabo ɗaya ne kusa da mariƙi, shi ma laifina ne: ya gargaɗe ni cewa fenti na bushewa a hannu cikin yini amma sai ya yi makonni kafin ya yi tauri, ni kuwa a satin farko na sa soson ƙarfe na goge manja. Butar shayi ta koma bakin taga. Wadirof ɗin yara ma ta fara irin wannan ɓawon, mai fentin nan zan kira in an shiga kaka kafin iska ta taso, kuma da hannuna zan rubuta wa kowane murfi lambarsa a ramin hinji.