Irin wake IT90: ya cika buhu, amma maganar raya gona akwai gyara

Irin waken nan IT90K-372-1-2, wanda masu kantin kayan noma ke taƙaitawa su ce IT90, shi na koma shukawa a gonarmu ta jigawa da ke wajen garin Tahoua. Masu tambaya ko ya cancanci kuɗinsa, amsata ita ce ya cancanta. Sai dai abin da mai kantin ya yi mini talla da shi, wai wake ne da ke raya gona har mutum ya manta da taki, wannan ba haka yake kai tsaye ba.

Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ce ta samar da shi, yana kuma cikin irin da INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, ke yaɗawa a Nijar. Fari ne, ba ya yaɗo sosai kamar waken gida, kuma cikin kwana 70 ko kusa da haka ya isa ɗiba. A ƙasar Adar, inda ruwa kan ɗauke ba sallama, wannan saurin shi ne rabin darajarsa. Lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi bai nuna ba tukuna, mu tukunyarmu na kan wuta, har mun kai ɗan abin da ya samu kasuwa kafin waken kowa ya fito farashi ya faɗi.

To, batun ƙasa. Malamin gona ya tuge mini tushe guda lokacin fure, ya nuna mini ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa, ya fasa ɗaya da farce. Ya ce, "Alhaji, in ka ga cikinsa ja-ja, yana aiki." Wasu ƙwayoyin halitta ne ke zaune a ciki, suna jawo azot daga iska suna ba wa waken, wato sinadarin da muke saye a buhun takin zamani na ire. Amma aikin nan ba ya tafiya in ƙasa ba ta da fosfor, wani sinadarin da shuka ke buƙata, jigawarmu kuwa shi ne babban abin da ta rasa. Na gani da idona: layukan da na sa wa ɗan tsunkulen takin zamani na 15-15-15, mai fosfor a ciki, a ramin shuka, kimanin giram 6 kamar yadda masu binciken noma na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, suka koyar, sun yi duhun ganye, saiwarsu cike da ƙulli. Waɗanda ban sa wa ba sun tsaya a tsugune, ganye ɗorawa-ɗorawa. Abin haushi, a jiharmu ake da dutsen fosfat ɗin da har da sunan Tahoua aka san shi, amma ban taɓa shiga kanti na tarar da garinsa ba.

Sannan ga abin da mai talla ba ya faɗi. Yawancin azot ɗin da wake ya tara yana cikin ƙwaya ne da ganye da kara. Mu kuwa mu ɗebe waken, mu naɗe harawa mu ɗora bisa rufin ɗaki, mu sayar wa masu kiwon ragunan layya, wasu ma su tuge har da saiwa. Me aka bar wa gonar ke nan? Ni yanzu da lauje nake yanka, in bar tushe a ƙasa, harawar dabbobin gida su ci, takinsu ya koma gona da amalanke kafin ruwan farko. Da na bi wurin da hatsi a damina ta gaba, ya fi na gefensa kauri da tsawon zangarniya. Ba wani abin al'ajabi ba ne, amma wanda ya san gonar tun da zai lura. Ƙudujin hatsi ma ya ɗan ragu a wurin, tunda ba ya samun abin tsotsa a saiwar wake. Shi kuwa ƙudujin wake daban ne, kuma ya taɓa mini IT90 a kusurwar da ta fi gajiya.

Ba ya son inuwa. In aka cusa shi tsakanin hatsi kamar yadda iyayenmu ke yi da waken gida, ba ya yin abin kirki. Shi kaɗai, ko layi huɗu na wake, biyu na hatsi, nan yake nuna kansa.

Aibinsa biyu ne a wurina. Harawarsa ba ta kai ta waken gida ba, don haka mai dabbobi da yawa kada ya yar da tsohon irinsa, ya raba gonar. Na biyu kuma ƙwari: da ya fara fure tsutsa ke far masa, in ba a yi feshi ba, ko da na ruwan 'ya'yan dogon yaro ne, furen zubewa yake. Ajiya ba ta ba ni wahala ba, na busar da shi sarai na ɗaure cikin buhun PICS mai leda biyu a ciki, ya kai bazara ba huda.

Wanda zai saya ya nemi na cikin leda mai takardar shaida, ba na tiya da ake aunawa a bakin kasuwa a ce masa IT90 ne ba, ya kuma ware kuɗin taki mai fosfor tun ranar da ya sayi irin.