Dabino ko jel ɗin gudu, ga mai cikin da ke ƙin komai

Ɗan'uwa, ka ce za ka koma gasar gudu amma cikinka yana murɗawa, jikinka yana ƙaiƙayi, kana tambayar me za ka riƙa ci a hanya. To, tsakanin jel ɗin ƙarin kuzari da masu gudu ke tsotsa a kan hanya da dabino, dabino za ka ɗauka, aƙalla har ka gano abin da ke murɗa maka ciki yana sa maka ƙaiƙayi. Dabino abu ɗaya ne, in ya dame ka ka san wanda za ka kama. Jel kuwa, juya bayan ledar ka karanta: maltodextrin (sitacin da aka sarrafa), fructose (sukarin 'ya'yan itace), kayan ƙamshi, na hana lalacewa, wani har da kafeyin. In cikinka ya ƙi, a cikin wannan taro wa za ka tuhuma?

Ni da dabino mun saba ne lokacin da nake shirin gasar dogon gudu ta Legas, wadda ake yi a watan Fabrairu, don haka atisaye mai nauyi a cikin hunturu yake faɗowa. Da daddare nakan zaɓi masu laushi in cire ƙwallon, in busasshe ne irin na Agadas sai in jiƙa shi ya kwana, in ƙulla a 'yar leda in sa a aljihun gajeren wando. Bayan sallar asuba a kama hanya. Idan gudu ya kai awa guda ƙafa ta fara nauyi, sai in jefa biyu a baki, in tauna a hankali, in kora da ruwa. Ƙarfi yakan dawo ba tare da zuciya ta yi bugun nan mai tsoratarwa ba, ba kuma neman bayan gida a gefen titi. Gudun da ya wuce awa ɗaya yana son gram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa, ƙaramin dabino kuma yana ba da kamar gram 5 ko 6, sai ka yi lissafinka. Amma a fara da kaɗan, domin shi ma yana da fructose da harza, in aka cika yakan saki ciki. Ba shi da gishiri sosai, shi ya sa nake haɗa shi da ruwan gishiri da sukari irin wanda muka sani: lita ɗaya na ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Jel yana da sauƙin ɗauka, ba a taunawa, leda ɗaya tana ba da gram 20 zuwa 25. Iyakar abin da zan yaba masa ke nan. Na taɓa saya, ban sake ba.

Ƙaiƙayin da ka ambata kuwa, ina zargin garin ƙarin kuzari na kamfani da ake damawa kafin atisaye, in kana sha. Yawancinsu suna da beta-alanine, wanda ke sa fata ta riƙa tsikari a fuska da hannu, niacin kuma yana sa fuska ta ɗau zafi. Garin furotin na whey daga madara ake yin sa, mai cikin da ba ya jure madara zai sha kumburi. Sorbitol da ake zaƙaƙa wasu da shi yana kawo zawo. In kana shan ibuprofen kafin ka fita, ka daina, yana cin ciki yana kuma wahalar da ƙoda. Ka ajiye duk waɗannan kayan na mako biyu, ka riƙa rubuta abin da ka ci da yadda ka ji, sannan ka dawo da su ɗaya bayan ɗaya, a ranar atisaye kawai. Idan leɓe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya sarƙe, wannan maganar asibiti ce nan take. Maganin ƙarin jini ma kada ka sha sai likita ya auna jininka.

Ka yi hattara da masu sayarwa, ko da ba ka tambaya ba. Akwai masu goge ranar lalacewa su buga sabuwa, da masu ɗura wani gari a gwangwanin kamfani, da waɗanda kayansu ya wuni a rana har jel ya tsinke. Duba lambar NAFDAC da hatimin murfi. Tunda gasa za ka koma, ka sani a dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ɗan wasa ne ke ɗaukar alhakin duk abin da aka samu a fitsarinsa, ko da mai shago ne ya yaudare shi. In ya zama dole ka sayi na kamfani nan gaba, nemi mai tambarin Informed Sport, alamar an gwada shi ba a sami haramtattun sinadarai ba. A yanzu dai ka je kasuwa ka auno dabino mai laushi, ka gwada shi a dogon gudunka na ƙarshen mako.