B ta sama ko C mai layi biyu: amsa ga ɗan'uwan da ke son tafiya mai nisa da lema

Salam Malam. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce shekara biyu kenan kana tashi da lemar faragilaidin, wato lemar nan da ake tashi sama da ita daga kan dutse ba inji, 'yar ajin B ta ƙasa mai sauƙin hali, kana samun kamar awa 40 a shekara, yanzu kuma kana son fara tafiya mai nisa daga wannan dutse zuwa wancan, shi ne kake tambaya ko ka sayi B ta sama, wato B ɗin da ta fi kusa da ajin C, irin su Ozone Rush 6 da Nova Mentor 7, ko kuwa ka tsallaka kai tsaye zuwa C mai layi biyu irin Ozone Photon tunda kowa yanzu maganarta yake. To bari in jera maka su gefe da gefe yadda na fahimce su.

Da farko dai harafin nan A, B, C, D ba maki ba ne na kyau ko gudu. Sakamakon gwaji ne na ƙa'idar Turai da ake kira EN 926-2, inda matuƙin gwaji zai hau sama cikin iska mai lafiya, yawanci a saman tafki, ya rufe gefe ɗaya na lemar da gangan, ya rufe gabanta, ya ja birki har ta daina tashi, sannan a duba da wane irin hali ta dawo daidai, ta juya nawa, ta dulmiya gaba nawa, ta buɗe da kanta ko sai an sa mata hannu, A ce mafi sauƙin hali, D kuma mafi wuya. Gwaji ɗaya tak in ya fito C, to lemar gaba ɗaya ta zama C. Ka ga kenan harafin yana gaya maka halinta ne bayan abu ya riga ya lalace, kuma a iskar da ba ta da rikici. Bai ce komai ba kan yadda za ta yi maka da ƙarfe biyu na rana a tsakiyar kwari lokacin da iska mai zafi ke tasowa kamar da faɗa.

Ta fuskar ƙira, babban bambancin shi ne siranta. Ana auna tsawon fiffike a kan faɗinsa, Rush 6 tana 5.7, Photon kuma 6.5. Lamba ƙarama ce a ido amma a sama ba ƙarama ba ce, domin duk sirancewar fiffike yana rage jan iska, yana kuma sa kunnuwan biyu, wato ƙarshen fiffiken na dama da na hagu, su yi nisa da juna har kowanne ya riƙa shiga tasa iskar daban, kai kuma a ƙasa kana jin duk wannan motsin a ƙugunka. Sai maganar igiyoyi. B ta sama tana da layin igiyoyi uku daga gaba zuwa baya, su ma ana ce masu A da B da C amma ba ruwansu da harafin aji, wasu kamar Mentor 7 uku ne a tsakiya biyu a kunnuwa. Photon layi biyu ne kawai, na gaba da na baya, an rage igiya sosai, shi ya sa ake cusa mata dogayen sanduna masu lanƙwasa a ciki don su riƙe siffar. Da can sai a ajin D da lemomin gasa ake ganin irin wannan, sai da aka gyara ƙa'idar gwajin aka yarda a yi amfani da ƙarin igiyoyin da matuƙin gwaji ke ja don rufe lemar a ajin C, daga 2022 suka fara fitowa, AirDesign Volt 4 ce ta buɗe ƙofa, sai su Photon da Gin Bonanza 3 da Skywalk Mint suka biyo.

Yanzu ga inda mutane ke ruɗewa. In ka saki birki kawai ba ka taka totur ba, wato sandar nan ta ƙafa da ke jan layin gaba ƙasa don ƙara gudu, to su biyun gudunsu kusan ɗaya ne, wajen kilomita 38 zuwa 40 a awa, kuma nisan da suke zamewa bai bambanta can can ba. A ce ɗaya na yin mita 10 gaba a duk mita 1 da ta sauka ɗayar na yin 11, daga tsayin mita 1000 bambancin kilomita 1 ne. Wajen hawa cikin iska mai zafi ma, wallahi sau da yawa za ka ga mai B ya fi mai C hawa, don tasa tana juyawa a matse, birkinta na da tsawo, yana iya kwantar da ita cikin tsakiyar iskar ba tare da fargabar za ta juye masa ba.

Bambancin gaske sai an fuskanci iska. Ka lissafa da kanka, kana gudun 38 iska na turo ka da 20, saura 18 a ƙasa, nisan da za ka ci ya ragu fiye da rabi alhali saukar da kake yi tana nan yadda take. Dole ka taka totur. To a nan B ta sama daga ka wuce rabin totur sai ka ji ta fara nutsewa, C mai layi biyu kuwa tana ci gaba da yanka iska, hancinta a tsaye, ga shi kuma gudunta na ƙarshe ya fi da 'yan kilomitoci. In kai mai B da wani mai C kuka bar gajimare ɗaya za ku tsallaka kwari mai faɗi, shi zai isa dutsen gaba yana sama da kan dutsen ya kama hawa nan take, kai kuma ka iso ƙasa da shi ka tsaya kana lallaɓa gefen dutse minti ashirin. A yi haka sau biyar a rana ɗaya ka ga ya ba ka tazara mai yawa.

Kuma tuƙin ma daban ne. A kan totur ba a son taɓa birki, don yana iya jawo rufewar gaba, da madaurin baya, wato wanda igiyoyin baya suka haɗu a kansa kusa da hannunka, ake sarrafa lema. A mai layi biyu akwai ƙaramar sanda a madaurin baya, in ka ja ta fiffiken gaba ɗaya ne ke ɗaga hanci ba tare da ya lanƙwashe ba, kana jin komai a yatsunka, da ka ji gaba ya yi sako-sako ka ɗan ja, shi kenan ta tsaya, ƙafarka ko motsi ba ta yi daga totur ba. Gaskiya wannan abin yana da daɗi, wanda ya saba da shi da wuya ya koma. Su ma B na yanzu an yi masu dabara an haɗa madaurin C da na B don su kwaikwayi hakan, yana aiki, amma da nauyi a hannu kuma bai kai wancan tsabta ba.

Sai ranar da abu ya ɓaci. Masu C mai layi biyu za su ce maka ai ba ta cika rufewa ba, kuma gaskiya suka faɗa, tana da tauri. Amma ka san abin da ya ƙi lanƙwasa, ranar da ya tashi bayarwa da ƙarfi yake bayarwa, galibi kuma kana kan totur da gudu. Rufewar kan yi zurfi, juyawar ta zo da sauri, kuma saboda sandunan nan da ƙarancin igiya kunne yana iya shigewa cikin igiyoyi ya maƙale, in ba ka tare juyawar da nauyin jikinka da birkin ɗaya gefen daidai gwargwado ba sai ta shiga wulwulawa ƙasa, in kuma ka ja da yawa ka kashe gefen da ya rage yana tashi, tunda birkin gajere ne. B ta sama ma tana rufewa, kar ka ɗauka A ce, amma tana ba ka lokaci ka duba ka yi tunani. Hanyoyin saurin sauka ma sun ragu a mai layi biyu, babu jan layin B na tsakiya sam, naɗe kunnuwa kuma a wasunsu sai da igiyar baya ta waje.

Ƙananan abubuwa: igiyoyin lemar ajin C siraran ne marasa riga, suna saurin sauya tsawo, dole a riƙa kai ta awo a kan kari in ba haka ba halinta ya canja ba ka sani ba. Naɗe ta sai a hankali, ɗaki bisa ɗaki, kar sandunan su karye ko su lanƙwashe. A wurin tashi mai duwatsu da ƙaya kuma igiyoyin nan ba sa yafiya.

Ni dai a ganina, da awa 40 a shekara B ta sama ce taka. Dalilina ba wai tsoratarwa ba ne, lissafi ne. Duk fifikon C yana kan totur cikin iska mai motsi, wanda kuma bai natsu da lemarsa ba ba zai taka totur a irin wannan iskar ba, zai tafi da birki a hannu ido a sama yana kallon fiffike maimakon kallon gajimare da tsuntsaye da inda rana ke dukan ƙasa, bayan awa biyu kansa ya gaji ya nemi fili ya sauka. Ya biya kuɗin gudun da bai yi amfani da shi ba kenan. Tafiya mai nisa kuwa ta awa biyar ce zuwa takwas, har Sebastien Kayrouz da ya yi sama da kilomita 600 a Texas a 2021 da lemar gasa Enzo 3 yini guda ya kwashe a sama. Ka shiga XContest, shafin intanet ɗin da matuƙa ke ɗora tafiye-tafiyensu, ka tace da ajin B ka ga tafiye-tafiyen kilomita 200 da ake yi da su a tsaunukan Alps, za ka san ba lemar ce za ta tsayar da kai ba nan kusa.

In ka samu hali kafin ka saya, ka je kwas ɗin SIV, wanda ake koyon rufewa da farfaɗo da lema a saman ruwa da jirgin ruwan ceto a ƙasa, ana yi a Annecy ta Faransa da Ölüdeniz ta Turkiyya, kuma in so samu ne ka yi shi da sabuwar lemar. Sannan ka auna kanka da kaya duka, kujera da lemar ceto da hular kwano da ruwan sha, ka zaɓi girman da zai sa ka faɗo a rabin sama na nauyin da aka rubuta, don a nan take fin tauri da jin birki. Dillalai da yawa suna ba da ta gwaji, ka karɓa ka tashi da ita da rana tsaka lokacin da iska ke motsi, ba da yamma lis ba.